Ɗakin Fasa Kankare

Shekara talatin da ɗaya ina fasa kankare
a ɗakin ƙasa na tsangayar injiniya, a Concepción.
Ni ba farfesa ba ne, mai riƙon makulli ne,
amma ranar da ake buɗe wa iyaye ƙofa
ni ake bar wa waɗanda suka makara da zuwa.

Su uku suka sauko, takalma sharkaf da ruwan Yuni.
Eleodoro, masunci daga Lebu,
hannuwa kamar igiyar da ta ƙoshi da gishiri,
hula a ƙirji sai ka ce coci ya shigo.
Herminia na rungume da burodin da ta gasa da asuba.
'Yarsu Millaray, mai shekara sha bakwai,
tuni ta wuce mu, ta tsaya gaban injin matsa,
tana bin lambobin jikinsa, leɓenta na motsawa.

Uban ya ce, “Nawa?”
Na faɗa masa, ban shafa zuma ba:
ɗaki, mota, littafi, takalmin ƙarfe,
shekara shida in ta tafi sumul,
bakwai in lissafi ya kayar da ita, kuma yakan kayar.
Na miƙa masa takardar neman tallafi,
na ja layi ƙarƙashin ranar rufewa.
Ya shiga auna kuɗin da kwandunan kifi,
yatsunsa suka ƙare bai gama ƙirgawa.

Uwar ba ta tanka zancen kuɗi ba.
“Mata nawa ne a ajin?”
“Tara cikin arba'in. Bara bakwai ne.”
“In ta kwana da yunwa, wa zai sani?”
Na laluba takarduna, babu wannan a ciki.
Na ce, “Ku tambayi ɗaliban da ke zaune a matakala,
su ba a biya su don su yabi kowa.”

Sai na ɗauko curin kankare ɗan kwana ashirin da takwas,
na ajiye shi tsakanin haƙoran injin.
Allura ta hau, ta hau,
ta yi rawa kaɗan, ta ƙara hawa.
Tas!
Ƙura ta tashi, Herminia ta dafe ƙirji.
“Haka za ku yi wa 'yata?”
Na ce, “Za a matsa ta, uwa, ƙarya ba ta da amfani.
Na ga masu kuka a bayan wannan ƙofa,
na ga waɗanda suka naɗe kaya ba su dawo ba.
Amma ƙarami muke fasawa a nan ƙasa
don kada babba ya rufto kan masu wucewa.”

Eleodoro ya dubi ɓaraguzan ya daɗe.
Ya ce daren da ƙasa ta girgiza
a wuya ya ɗauki yarinyar ya hau tudu,
da gari ya waye gadar garinsu ta durƙusa a ruwa.
Tun ranar take tambayarsa dalili,
shi kuwa teku ya sani, da raga, da lokacin fita,
bai taɓa samun abin amsawa.

Millaray ta tsuguna ta tsinci guntu ɗaya,
ta juya shi a hasken taga.
“Tsakuwar lafiya lau take. Simintin ne ya saki.
Ruwa bai yi yawa ba?”
Ni na kwaɓa shi da hannuna ranar wata Litinin,
hankalina na kan ciwon gwiwata.
Na yi tari. Na ce ƙura ce ke shaƙewa.

Ba su ce e ba, ba su ce a'a ba.
Motar Lebu ƙarfe biyar take tashi.
Uban ya cusa takardar cikin riga, kusa da fata,
uwar ta bar mini rabin burodin a kan teburi,
ta nufi matakala wajen ɗaliban nan.
Da na ɗauki tsintsiya na tara ɓaraguzan,
guntu ɗaya bai cika ba.
Ban nema ba. Na ci gaba da sharewa.